A Tallafa Wa Malami Ya Toshe Kafar Da Albashinsa Ke Zurarewa

'Yan uwa malamai, duk sa'ad da reshenmu ya zauna kan walwalar membobi, maganar ƙarin albashi ce ke cinye zaman. Haƙƙinmu ne, kuma ba za mu sassauta ba. Sai dai akwai wata kafa da albashin ke zurarewa wadda ba kasafai muke waiwayarta ba, wato kuɗin wuta da man janareta da gawayi da itace da gas. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan kafa sai ƙara faɗi take yi. A ganina lokaci ya yi da ƙungiya za ta nemi gwamnati ta tallafa wa malamai su gyara gidajensu domin rage cin makamashi, ta kuma jera wannan buƙata kafaɗa da kafaɗa da ta albashi.

Lissafin a bayyane yake. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 da sabon ƙwan LED mai wat 9 kusan haske ɗaya suke bayarwa. Gidan da ya sauya ƙwai biyar, yana kunna su awa shida kullum, ya tsira da yunit kusan 46 a wata. Silin mai kyau a ƙarƙashin kwano yana rage zafin ɗaki a bazara, fanka ta huta. Gidan da ya rage cin wuta kuwa, ƙaramin faifan sola da batir ɗaya sun ishe shi haske da cajin waya, malami ya duba takardun ɗalibai da dare ba tare da ƙarar janareta ba. A madafa ma haka abin yake. Ƙungiyar DARE da ke nan Kaduna ta daɗe tana yaɗa murhun Save80, wanda ya samo sunansa daga rage cin itace da kusan kashi 80 cikin ɗari, ya kuma sauƙaƙa wa iyalanmu hayaƙin da ke cin ido da ƙirji.

Matsalar ita ce kuɗin farko. Wanda albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata, ina zai samo na faifan sola a dunƙule? Nan ne gurbin gwamnati. A 2007, lokacin da Gana ta shiga ƙarancin wuta, gwamnatinta ta raba ƙwai masu tsimin lantarki miliyan shida kyauta, ta karɓe tsofaffin. Nauyin da ke kan layin wutar ƙasar ya ragu da fiye da megawat ɗari, ba tare da an gina sabuwar tasha ba.

Mu a nan an yi yunƙuri, amma ta wata hanya dabam. Shirin Solar Power Naija na 2020 ya ƙudurta kai sola gidaje miliyan biyar, sai dai kuɗinsa rance ne ga kamfanoni, magidanci kuma ya biya sannu a hankali. Hukumar CREDICORP da aka kafa a 2024 ita ma bashi take sauƙaƙawa. Malamin da tuni ake yankar masa albashi ta fuskoki da dama ba ya iya ɗaukar wani sabon bashi, kuma da yawa daga cikinmu ba sa kusantar rance mai ruwa saboda addini.

Za a ce tallafi a ƙasar nan yakan salwanta a hannun 'yan kwangila. Gaskiya ne, jiki magayi. Amma malami ba ɓoyayye ba ne: sunansa na cikin takardar albashi, makarantarsa sananniya ce. Idan aka ba da kaya a madadin tsabar kuɗi, aka bi ta ƙungiyarmu ta gama-kai, aka manna sunayen waɗanda suka amfana a sakatariyar reshe, ɓarawo zai rasa maɓoya. Ga shi kuma sau ɗaya ake biya, amfanin ya ɗauki shekaru.

Don haka ina roƙon shugabannin reshe su gabatar wa Ƙaramar Hukumar Igabi da gwamnatin Jihar Kaduna buƙatu uku. Na farko, a taimaka kowane gidan malami ya sami mita, domin wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi ko ya kashe duk ƙwan gidansa ba zai ga ragi ba. Na biyu, gwamnati ta ɗauki rabin kuɗin ƙwai da murhu da ƙaramin sola, ragowar a cire daga albashi cikin shekara guda babu ruwa. Na uku, a horar da 'ya'yanmu matasa su riƙa haɗawa da gyarawa, kada kayan su mutu a bango.

Rigachikun ce mazaunin hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, don haka babu inda ya fi ta dacewa a fara gwajin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya rubuta abin da gidansa ya kashe a wuta da girki a wannan wata, ya zo da shi taron reshe na gaba, mu tunkari hukuma da lissafi a hannu.