Ashe Ba a Iya Koyar da Ƙwayar Zarra da Hausa?

A hutun da ya wuce na koma gida Ngurore, sai na tarar da ƙanena da ke aji huɗu a sakandare ya duƙufa yana hadda: "biyu, takwas, ɗaya, biyu, takwas, bakwai." Da na tambaye shi ma'anar lambobin, sai ya ce haka malam ya rubuta a allo. Gidanmu Fulatanci ake yi, Hausa a kasuwa da makaranta muka tsince ta, amma da ita na zauna na yi masa bayani.

Na ce masa kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ake kira elektiron kuma suna kewaye da ita hawa-hawa, kamar ɓawon albasa. Wannan fasali shi ne wanda Niels Bohr, masani ɗan ƙasar Denmak, ya kawo a 1913. Hawan farko ba ya ɗaukar fiye da 2, na biyu kuwa 8. Sodiyam yana da elektiron 11, don haka ya zama 2, 8, 1. Kulorin yana da 17, wato 2, 8, 7. Ɗaya na da rarar guda yana neman mai karɓa, ɗayan kuma guda ya rage masa ya cika takwas. Kamar dai mai saye da mai sayarwa ne a kasuwar shanu ta garinmu. Da cinikin ya faɗa, sai ga gishirin da ake sa wa miya. Nan take yaron ya ce, "Yaya, ashe dama abin ke nan?"

A ra'ayina, matsalar ɗalibanmu ba ƙarancin basira ba ce. An ɗora musu kaya biyu ne a lokaci guda, ga baƙon ilimi, ga baƙon harshe. Wannan ba sabon zance ba ne. Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarabanci, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba.

Wani zai ce ai da Ingilishi ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO. Haka ne, kuma ban ce a jefar da Ingilishi ba. Amma wanda ya gane dalilin da ya sa sodiyam ke ba da elektiron guda, zai iya faɗarsa da kowane harshe. Mai hadda kuwa, da an ɗan juya tambaya sai ya yi zuru.

Sai dai a yi hattara, domin kwatance yana da iyaka. Lissafin 2, 8, 8 yana aiki ne a sinadarai 20 na farko kawai, hawa na uku yana iya ɗaukar har 18. Haka kuma masana na baya sun nuna cewa elektiron ba ya bin wata shatacciyar hanya kamar yadda ake zanawa a allo. Ɗalibin harshe da ya yi gaban kansa zai iya fassara kuskure da daddaɗar Hausa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Magabatanmu sun samar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990 domin nazarin harshe da adabi. Me zai hana mu zauna da ɗaliban kimiyyar sinadarai, su kawo ilimin, mu kawo kalmomin, mu fito da ɗan littafi ko da mai shafi 20 ne, mu kai makarantun Ngurore da Jimeta da Yola a gwada? Idan mu da muke nazarin Hausa ba mu yi ba, wa muke jira ya yi?