Gajerun Kalmomi Ba Asiri Ba Ne

Kai da ka iya karatu yanzu, kada gajerun kalmomi su ba ka tsoro. Nan Agadas, CSI da ke ƙofar gidan likita na unguwa sunan Faransanci ne aka taƙaita. A salula ma haka. Yara suna rubuta slm, wato sallama, lfy, lafiya, ngd, na gode. Daga Ingilishi suka aro pls, wato don Allah, da 5k, wato jika biyar.

In ba ka gane ba, ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Amma kai, in zancen kuɗi ne ko magani, rubuta kalmarka cikakkiya. Harafi ɗaya yana jawo asara.