RA'AYINMU: Ɗakin Haya Da Kwaɗon Da Aka Gada

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ko lokacin da Kwalejin Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ba a ɗauki samun gado a makaranta wata babbar sa'a ba. Yau kuwa ɗalibai sun rinjayi ɗakunan kwana nesa ba kusa ba. Saboda haka dubban 'yan'uwanmu suna kwana a gidajen haya na Samaru da Hayin Dogo a Zariya, da na Ɗanbare da Rimin Gata da Janbulo a Kano, kafaɗa da kafaɗa da ƙananan ma'aikatan da albashinsu bai kai su kama gida sukutum ba. Can babu ƙofar makaranta, babu dogarinta. Abin da ke tsakanin mutum da ɓarawo shi ne ƙyauren ɗakinsa kawai, kuma a kan wannan ƙyaure muke son mu yi magana.

Amma tun da farko bari mu raba abu biyu. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen haya a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka yi awon gaba da ɗalibai da dama, akasarinsu mata. A watan Oktoba na wannan shekarar aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Babu kwaɗon da zai tare irin wannan masifa, kuma zalunci ne a ɗora wa ɗalibi laifinta. Wannan nauyi ne na gwamnati da jami'an tsaronta, ba za mu gaji da tuna musu ba. Abin da ke hannunmu shi ne ɗaya ɓarnar, wadda ba a bugawa a jarida: wayar da ta ɓace ana sallar asuba, da kwamfutar da ta tafi da kundin digiri na shekara guda a cikinta, da yarinyar da ta farka ta ga hannu ya ziro ta taga.

Mu fara da makulli. Ɗalibi ya biya kuɗin shekara, dillali ya miƙa masa makulli ɗaya tilo, shi kuma ya karɓa yana godiya. To, ina sauran? Kwaɗo dai da 'ya'ya biyu ko uku ake sayar da shi. Mutum nawa suka zauna a ɗakin kafin shi, nawa daga cikinsu suka ba aboki ko suka je kasuwa aka yanka musu wani? Wanda ya gaji kwaɗo ya gaji duk waɗannan mutane. Ranar da aka tare, ranar ya kamata a sa sabo. In makullin jikin ƙofa ne, kafinta yana iya canza cikinsa ba tare da ya taɓa ƙyauren ba, a adana tsohon a mayar wa mai gida ranar tashi. In mai gida ya nace sai an bar masa ɗa guda, to, a yi maganar a gaban shaida, a kuma rubuta cewa ba zai shiga ba sai da sanin mai ɗaki.

Sai dai kwaɗo, kome tsadarsa, ƙarfinsa bai wuce na abin da aka rataya shi a kai ba. Sau da yawa akan ga ƙaton kwaɗo a kan ƙarfen da aka kafa da 'yan gajerun ƙusoshi a ruɓaɓɓen katako, kawunansu ma suna waje. Ɓarawo bai da buƙatar ya yi kokawa da irin wannan kwaɗo. Sukudireba kawai zai sa, ya kwance maratayin, ya ajiye shi gefe da kwaɗon a kulle. Gyaran kuwa ba wuya: noti mai ratsa ƙyauren wanda ake ɗaurewa daga ciki, ko kuwa walda in ƙofar ta ƙarfe ce. A ciki kuma a sa sakata biyu, sama da ƙasa, domin dare.

Akwai wata kafa da kusan kowa yake mantawa da ita, watau sama. A yawancin gidajen da aka gina don haya, bangon da ya raba ɗaki da ɗaki yakan tsaya daidai silin, bai kai ga kwano ba. Ke nan duk ɗakunan layin soro ɗaya suke da shi a sama, wanda ya hau ta banɗaki ko ta ɗakin da babu kowa yana iya rarrafawa ya sauka inda ya ga dama. Lokacin hutu, ko dogon yajin aiki irin na 2022 wanda ya kai wata takwas, nan ne hanyar da ta fi sauƙi. Mai neman ɗaki ya ɗaga kai ya duba kafin ya biya, ya tambaya ko bangon ya kai sama. 'Yan bulo kaɗan ne ke toshe wannan kafa, kuma aikin mai gida ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Game da ƙarafan taga muna da ja. Lalle suna hana shiga, amma suna hana fita. Ɗaki mai ƙofa ɗaya, da taga da aka yi wa walda ta mutu, da tukunyar gas a bakin ƙofa, kurkuku ne ranar gobara. A roƙi mai walda ya yi wa ƙarfen taga ɗaya marfi mai buɗuwa daga ciki, a rataye makullinsa inda hannu zai kai cikin duhu amma hannun na waje ba zai kai ba. Haka nan waɗanda suke shigar da janareto cikin soro ko ɗaki don tsoron ɓarawo, da masu kwana da gawayi a rufe cikin hunturu, su sani iskar da ke kisa a hayaƙin nan ba ta da wari, mai barci ba ya jin zuwanta. A ɗaure janareto da sarƙa a fili.

Waya da kwamfuta kuwa, a nisanta su da taga. A danna *#06# a rubuta lambobi 15 da za su fito, a adana takardar tare da rasit, domin su 'yan sanda za su fara tambaya. Kundin bincike a ajiye kwafinsa a wani wuri dabam. Lambar neman agaji ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce.

Mun san abin da za a ce: gidan ba namu ba ne, don me za mu kashe masa kuɗi? Gaskiya ne, kuma wasu masu gidajen sun daɗe suna cin moriyar wannan tunani. Suna ƙara kuɗi duk shekara, alhali ƙofar gidan ko sakata babu. Amma mai gida yana iya raina ɗalibi guda, ba ya iya raina 'yan haya goma da suka zo masa da takarda ɗaya. 'Yan gida su zauna su tsai da lokacin rufe ƙofa, su haɗa kuɗi su sa fitila mai aiki da hasken rana a soro, su san baƙon juna. Su je su gai da mai unguwa, su biya kuɗin 'yan sintiri ba tare da gunaguni ba. Abin takaici ne a ce ɗalibi ya shekara uku a unguwa bai san sunan maƙwabcinsa ba, wai shi ɗan boko ne. Ranar da ya yi ihu, wa zai fito?

Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ofishin kula da al'amuran ɗalibai da su buɗe rajistar gidajen haya kafin zangon karatu mai zuwa. A naɗa kwamiti ya zaga ya duba ƙofa da silin da taga da fitila, gidan da ya cika sharaɗi a sa sunansa a allon sanarwa, wanda bai cika ba a faɗa wa mai shi abin da ya rage. A buga takardar yarjejeniya ta shafi guda, da Hausa da Turanci, wadda ta fayyace wa ke gyara me, a raba wa sababbin ɗalibai ranar rajista, tun kafin su haɗu da dillali.