Dativ na Jamusanci: ashe "mini" da "maka" ne kawai

1/ Jama'a, zare ne yau, kuma dogo ne, ku yi haƙuri. Wata bakwai ke nan ina koyon Jamusanci daga nan Kwandiko, da wayata da littafin rubutu guda. Ra'ayina shi ne: duk Bahaushen da yake bi ta Turanci don ya gane Dativ, kansa yake wahalarwa a banza.

2/ Aikin jinya na karanta. Wanda yake son a amince da takardarsa a Jamus, galibi sai ya kai matakin B2 a harshen. Jarrabawar kuma ba a nan kusa take ba, cibiyar Goethe tana Legas. Kuɗin mota, masauki, kuɗin jarrabawa, duk daga gero da riɗin Baba za su fito. Ba abin da mutum zai je ya faɗi ya dawo ba ne.

3/ A gwajin da muka yi a rukuninmu na WhatsApp, Dativ ne ya kayar da ni warwas. Na rubuta "Ich helfe dich". Aka ce a'a, "Ich helfe dir". Na ce don me? Aka ce haka yake, haddace kawai. Wallahi ranar na kusa rufe littafin gaba ɗaya.

4/ Sai wata rana da magariba Inna ta ce, "Kai, zo ka taimaka mini da wannan buhun." Na ɗauka, na kai rumbu, ina tafe kalmar tana yawo a kaina. Taimaka MINI. Ich helfe DIR, na taimaka MAKA. To ai shi ke nan! Abin da nake kuka a kansa tun ina goye nake faɗarsa.

5/ Dativ wanda aka yi WA abu ne. Tambayarsa a Jamusanci "wem?", mu kuma mu ce "wa aka yi wa?" Ga su a jere:
mir, mini
dir, maka ko miki
ihm, masa
ihr, mata
uns, mana
euch, muku
ihnen, musu
Mu ma har mun fi su, don mun raba namiji da mace a maka da miki, su "dir" ɗaya ce ta kowa.

6/ Turanci kuwa kalma ɗaya ce ke ɗaukar "shi" da "masa". Shi ya sa malamin da ke bayani da Turanci yake shan wahala, sai ya yi ta zane a allo. Ɗalibinsa ba shi da wannan bambancin a bakinsa. Kai kana da shi, amma ka ajiye ka ari na wanda ba shi da shi.

7/ Ku duba waɗannan, ni sun ba ni mamaki:
Ich danke dir, na gode maka.
Es gefällt mir, ya yi mini.
Es schmeckt mir, ya yi mini daɗi.
Er hat mir das Handy gestohlen, ya sace mini waya.
Wannan na ƙarshen kam, duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Birnin Kudu ranar cunkoso yana riƙe da aljihu ya san ma'anarsa 😅

8/ Wanda ya fi taɓa ni shi ne na asibiti. Mara lafiya a Jamus zai ce "Der Kopf tut mir weh". "Tun" a harshensu yi ne. Kenan kalma bayan kalma: kai yana YI MINI ciwo. Daidai yadda tsohuwa za ta faɗa mini a bakin ɗakin shan magani. Haka "Ich wasche dem Patienten die Füße", na wanke WA majinyaci ƙafafu. Har jerin kalmomin iri ɗaya, wanda aka yi wa ya riga abin da aka yi.

9/ Nan fa ba wasa ba ne. Ma'aikacin jinya da ya kasa bambance wanda aka ba wa magani da abin da aka bayar, ba maki kaɗai zai rasa ba.

10/ Kada wani ya ce na ce Hausa ta gama komai. Akwai inda take yaudara. "Na bi ka" muke cewa, su kuma "Ich folge dir". "Na buga maka waya" zai ja ka ka sa dir, alhali "Ich rufe dich an" ne. Dabarata a nan, sai in juya shi zuwa "na kira ka", ya zauna daidai. Irin waɗannan na ware musu shafi a bayan littafi, kuma ba su cika shafin ba.

11/ Sai kuma tarkon der. An koya maka der na namiji ne, die na mace. Kwatsam ka ga "Ich gebe der Frau Wasser". Matar ba ta zama namiji ba, Dativ ne ya mai da die ta koma der. Der da das kuma su koma dem. Jam'i ya koma den, sunan ma ya ƙara n, "den Kindern". Wannan kam hadda ce tsagwaronta, Hausa ba ta da abin da za ta yi maka.

12/ Haka aus, bei, mit, nach, seit, von, zu. Duk abin da ya biyo bayansu Dativ ne, ba tambaya. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ce kalma bakwai sun gagare shi ba. Na rubuta su a bangon ɗakina da gawayi, ƙanwata ma ta haddace ba ta san me take faɗa ba.

13/ Wani a rukuninmu ya ce mini kuskure ne, wai harshe ba a koyonsa da fassara, sai dai mutum ya nutse a ciki. Na yarda, ga wanda yake zaune a Balin, mai shago da direban bas duk Jamusanci suke yi masa. Ni a Kwandiko a cikin me zan nutse? Kuma shi da yake wannan maganar, da Turanci yake fassarawa a kansa, bai dai ɗauke shi fassara ba. Idan dole sai an bi ta wata gada, gara in bi wadda ta fi kusa da gidanmu.

14/ Abin da ke ba ni haushi, su sun daɗe da yin nasu aikin a kanmu. Barth ya shigo Kano a 1851. Schön, shi ma Bajamushe, ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da taimakon Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai. Har yau ana koyar da Hausa a jami'ar Hamburg, ga kuma sashen Hausa na DW. Mu kuwa muna jin kunyar mu ce "mir" mini ce, kamar hakan ƙauyanci ne.

15/ Yanzu duk jimlar da ta rikita ni, da Hausa nake fara faɗarta a baki. In na ji "wa" ko "ma" ta fito, sai in zargi Dativ, in duba ƙamus in tabbatar. A gwajin makon jiya biyu kawai na ɓata, dukansu a kan in da auf ne, masu canzawa idan ana zaune a wuri ko ana nufarsa. Su nake fama da su yanzu.

16/ Na fara tattara aikatau masu Dativ tare da takwarorinsu na Hausa. 'Yan Sakkwato da Katsina, ku da kuke cewa "ma" inda muke cewa "wa", ku jefo naku a ƙasa in ƙara. Cajina ya kusa ƙarewa, sai na dawo daga wurin mai caji zan duba.