The Amazon Trail: tsohon wasan kwamfuta da ya dace da yaranmu na Agege

Da an yi hutun makaranta, yara kan waya suke wuni. Tunda hana su ya gagara, ga wani wasa da nake ganin ya fi na harbe-harben nan amfani.

Sunansa The Amazon Trail, kamfanin MECC na jihar Minnesota a Amurka ne ya fitar da shi a 1993. Yaro zai hau kwalekwale daga garin Belem na Brazil, ya haura kogin Amazon yana neman itacen cinchona, wanda daga ɓawonsa ake samun kwinin, don ya kai wa Sarkin Inka da zazzaɓin cizon sauro ya addabi mutanensa. A hanya sai ya soki kifi da mashi kafin ya ci abinci, ya yi musayar kaya da mutanen garuruwa, ya ɗauki hoton tsuntsu ko tsiro sannan ya duba littafi ya gano sunansa. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni, domin dole yaro ya nutsu ya ƙura ido, ba danne-danne kawai ba.

Yana da nasa aibin. Hotunan sun tsufa ƙwarai, tuƙin kwalekwalen kan gundiri mutum, kuma komai da Turanci ne, ɗan firamare sai da yayansa a gefe. Kwamfutar yanzu ma sai an sa mata manhajar DOSBox kafin ya tashi.

Wani zai ce ina ruwanmu da dajin Brazil? To, fataucin goro ne ya zaunar da kakanninmu da yawa a Agege, goro kuwa ɗan kurmi ne, sai inda ruwa da inuwa suka wadata yake yi. Yau tsayar da yaro a Zango ka tambaye shi ko ya taɓa ganin bishiyar goro. A faranti kawai ya san shi, ranar suna ko ɗaurin aure. An sare gonakin an yi gidaje.

Shawarata ga iyaye, idan yaro ya kai ƙarshen wasan a haɗa kuɗin mota a kai shi Lekki Conservation Centre, dajin da aka keɓe tun 1990 mai faɗin hekta 78. Akwai birai, akwai gadar da ake bi ta saman itatuwa mai tsawon mita 401. A ba shi littafi da biro ya rubuto abin da ya gani, kamar yadda ya yi a wasan.