A ɗinka wa kwatabak riga daidai jikinsa

Masu bin ƙwallon Amurka a cikinmu suna ƙaruwa, musamman matasa, kuma gardamarsu kusan kullum ɗaya ce: wane gwani ne, wane kuma ba ya taɓuka komai. Mu dai ra'ayinmu shi ne ana saurin yanke wa mai jefa ƙwallo hukunci, wanda ake kira kwatabak, ba tare da an duba tsarin da aka ɗora shi a kai ba. Sau da yawa laifin na mai horaswa ne.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ƙungiya tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, in ta kasa ta rasa ƙwallo. Kusan kowane yunƙuri daga hannun kwatabak yake farawa. Koci yana faɗa masa dabarar da za a yi ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, daga nan sai ya karɓi ƙwallo, ya karanta tsayuwar abokan hamayya, ya jefa ko ya miƙa ko ya ruga da kansa, duk cikin 'yan daƙiƙu, ga ƙarti sun yo kansa. Wani ƙarfin hannu gare shi, wani saiti, wani gudu, wani kuma saurin fahimta. Da wuya ka samu wanda ya haɗa duka.

Tsarin da ya fi shahara a tarihin wasan ma daga gazawar ɗan wasa aka samo shi. Bill Walsh yana mataimakin koci a Cincinnati lokacin da Greg Cook, mai dogon jifa, ya ji rauni a kafaɗa a 1969. Wanda ya gaje shi, Virgil Carter, hannunsa ba ya kai ƙwallo nesa, amma yana da saiti da kaifin ƙwaƙwalwa. Walsh bai tsaya yana kukan abin da ya rasa ba. Ya tsara gajerun jifa masu sauri, ana cin fili kaɗan-kaɗan. Da ya koma San Francisco a 1979 ya ɗauko Joe Montana a zagaye na uku na zaɓen sabbin 'yan wasa, suka ci kofin Super Bowl uku tare. Tela na gari sai ya auna mutum kafin ya sa almakashi.

Mu zo kusa. A zaɓen 2018 an ɗauki Sam Darnold na uku, Josh Rosen na goma, Lamar Jackson kuwa sai na 32, ƙarshen zagayen farko. Har akwai masana da suka ba Lamar shawarar ya koma mai kama ƙwallo, wai gudu kawai ya iya. Baltimore ba ta matsa masa ya zama Joe Flacco, wanda ya gada, mai tsayawa wuri ɗaya yana jifa ba. A 2019 ta damƙa wa Greg Roman ragamar tsara hari, aka gina komai a kan gudun yaron, yadda masu tsaro ba sa sanin ko zai miƙa ƙwallo ne ko zai wuce da ita. A shekarar suka ci wasa 14 cikin 16, ya yi gudun yadi 1,206, kuma ya fi kowa jifan da ke kai ƙwallo ƙarshen fili, har 36. Duk masu jefa ƙuri'a shi suka zaɓa gwarzon shekara. Wanda aka ce bai iya jifa ba ke nan.

Darnold kuwa ya faɗa New York Jets, ƙungiyar da ke cikin ruɗani, aka sauya masa koci bayan shekara ɗaya. Bayan shekara uku aka tura shi Carolina, mutane suka shafa masa fatiha. Ya yi shekara guda yana zaman benci a San Francisco, sannan ya je Minnesota a 2024 hannun Kevin O'Connell, suka ci wasa 14 cikin 17. Hannun da aka raina a New York shi ne dai bai canja ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Za a ce mana ai in haka ne kowa ma zai iya, tsari ne komai. A'a. San Francisco ta Kyle Shanahan, wadda ake yabon tsarinta, ta ba da zaɓenta na zagayen farko na shekaru masu zuwa don ta ɗauko Trey Lance a 2021, abin bai yi ba. Brock Purdy, wanda aka ɗauka na 262, na ƙarshe ƙat a 2022, shi ya kai su Super Bowl, don yana yanke shawara da sauri kuma yana jefawa a kan lokaci, abin da tsarin yake buƙata. Shi ma Lamar, Tennessee ta fitar da su a wasansu na farko na zagayen kifa-ɗaya-kwala bayan waccan shekarar ta bajinta, kuma sai da aka kawo Todd Monken a 2023 aka faɗaɗa jifa, ya sake zama gwarzon shekara. Ashe ko rigar da ta yi daidai, in yaro ya girma sai an sake awo.

Abin da ke damunmu shi ne wanda ke biyan kuɗin kuskuren. Koci in an kore shi yakan samu aiki a wata ƙungiya, amma matashi sunansa ne ke ɓaci. Arizona ta kori mai tsara harinta a tsakiyar kakar farko ta Josh Rosen, ta kori babban koci a ƙarshenta, ta kawo Kliff Kingsbury da nasa salon, shi kuma ya zaɓi Kyler Murray. Aka tura Rosen Miami yana ɗan shekara 22, bayan kaka ɗaya tak.