Kaset ɗin Japan, na'urar Amurka, soket ɗin Kano

Makon jiya wani abokina a Yakasai ya kira ni, muryarsa har rawa take. Yayansa da ke Amurka ya aiko masa da tsohuwar na'urar gem ta NES, ta asali. Ya zazzago ledar kasusuwan nan masu ruwan ɗorawa da muka taso muna hura wa iska kafin mu buga Contra da Super Mario, amma ko ɗaya bai shiga ba. Ya ce mini, "Malam, anya ba jabu aka aiko mini ba?"

Ba jabu ba ce. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a Japan a 1983, kaset ɗinta yana da haƙoran ƙarfe 60. Da ya kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, sai ya canza mata siffa, kaset ya koma mai haƙori 72. Na'urorin da suka cika gidajenmu, waɗanda iyayenmu suka sayo a kasuwar Sabon Gari, kwaikwayon ta Japan ce aka ƙera a China da Taiwan. Wato dai mun shekara muna buga tsarin Japan ba mu sani ba.

Maganin shi ne adafta, wani ɗan allo da ke karɓar kaset mai 60 ta sama, ya shiga ramin 72 ta ƙasa. Amma haƙora ba su kaɗai ba ne matsalar. A cikin NES akwai wani ɗan guntu mai suna 10NES da yake gaisawa da ɗan'uwansa na cikin kaset. In bai ji amsa ba, sai dai ka ga jar fitila tana ƙiftawa. Adafta mai kyau tana zuwa da nata guntun da zai amsa gaisuwar. Abin dariya, wasu kasusuwan farko na NES, irin su Gyromite, in ka kwance su allon Famicom za ka tarar a ciki, haɗe da adaftar da Nintendo ya saka da hannunsa.

Sauran na'urorin ma haka. Super Nintendo ta Amurka wasu 'yan robobi biyu ne kawai a cikin ramin suke hana kaset ɗin Japan zama. Sega kuwa, Mega Drive ce a Japan da Turai, Genesis a Amurka, kuma wasu wasanninta sukan duba yankin na'ura su ƙi tashi.

Ga abu biyu da adafta ba ta gyarawa. Na farko talabijin. Tsarinmu a Najeriya PAL ne mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, na Amurka da Japan NTSC mai 60. Shi ya sa a tsohuwar talabijin mai ƙeya hoton yakan fito baƙi da fari ko ya dinga birgima. Na biyu wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Ni kaina na taɓa jona wata na'urar gwanjo kai tsaye da aka kawo wuta, wallahi ƙauri kawai na ji. Sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, kar ka yarda da "ai ba komai" ɗin mai shago.

To me ya kawo wannan tsohon zance yanzu? Saboda katangar ba ta rushe ba, wuri kawai ta canza. Switch ta 2017 ta zo babu kullen yanki, kowa ya yi murna. Amma da Switch 2 ta fito a watan Yunin 2025, sai ga samfuri na musamman a Japan mai rahusa, Japananci kaɗai yake yi, kuma asusun Japan kaɗai yake karɓa. Najeriya kuwa ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation a hukumance. Je ka kowane gidan gem a cikin gari, mai PS4 ko PS5 ɗin nan a takarda mazaunin Landan ne ko Amurka. A watan Mayun 2024, rikicin wasan Helldivers 2 ya nuna haɗarin hakan: an tsayar da sayar da shi a Steam a ƙasashe sama da 170.

Kullen da na roba ne, adafta ko ɗan filaya ya ishe ka. Na yau yana can cikin kwamfutar kamfani, hannunka ba ya kaiwa. A Maris ɗin 2023 Nintendo ya rufe shagon intanet na 3DS da Wii U. A shekarar ce kuma wani bincike na Video Game History Foundation ya nuna kusan kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba a sayar da su yanzu. Kaset ɗin da ke hannunka babu mai goge shi daga nesa. Wanda ka saya da asusun adireshin ƙarya fa?

Gaskiya ɗaya ce, yawancin kasusuwan ɗorawan nan na satar fasaha ne, ba na wanke su. Amma kamfanonin ma ba su taɓa buɗe mana ƙofa ba, sai 'yan kasuwa da masu gyara suka buɗe taga. Wanda ya sayi kaset na asali da kuɗinsa ya sa adafta, ban ga abin da ya sata ba.

Don haka kafin ka sayi na'urar gwanjo, juya bayanta ka karanta ƙarfin wuta da yankinta. Tsofaffin da ke ƙarƙashin gadon Hajiya kuma, kar a miƙa wa 'yan gwangwan a kan kuɗin kati. Masu gyaran waya na Farm Centre da titin Beirut, ga kasuwa nan tana jiran ku.

Abokina dai ya yi odar adaftarsa, tana hanya. Na riga na kama layi, ni ne mai hannu na biyu a Contra.